ZAFIN BAZARA IRI BIYU NE: BUSASSHE DA MAI GUMI

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na yau a kan zafin bazara yake. Daga watan Maris zuwa watan Mayu, kowa kukan zafi yake yi, daga Yamai har Damagaram. Amma wanda ya lura da kyau ya san zafin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na farkon bazara, mai busar da leɓe da maƙogwaro. Akwai kuma na gab da faɗuwar damana, mai jiƙa riga da hana barci. Kowane da iskar da ke kawo shi, kowane kuma da irin ɓarnarsa. Wanda ya iya rarrabe su zai san yadda zai tsare iyalinsa da bisashensa da shukarsa.

ISKA BIYU DA KE MULKIN ƘASARMU

Manyan iskoki biyu ne ke karɓa-karɓa a kan ƙasarmu kowace shekara.

Ta farko ita ce iskar hunturu. Daga arewa maso gabas take fitowa. Tana ratso hamadar Libiya da Cadi da Tenere kafin ta iso mana. Ba ta bi ta kan ruwa ba, saboda haka busasshiya ce ƙayau. Ita ke kawo hazo da ƙura. A lokacin ɗari tana zuwa da sanyi. Amma daga watan Maris, idan rana ta gasa rairayin hamada, sai ta zo da zafi kamar hucin maƙera.

Ta biyu ita ce iskar damana. Daga kudu maso yamma take fitowa, daga babban tekun da ke bayan Kwatano da Abijan. Tana ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani. Shi ake kira laima. Duk ruwan saman da ke raya hatsinmu, wannan iska ce ke ɗauko shi.

Inda iskokin biyu suka haɗu akwai iyaka. Iyakar nan ba ta zama wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kudu, kusa da bakin teku. Daga nan sai ta riƙa hawowa arewa sannu a hankali. Wajen watan Afrilu takan iso kudancin ƙasarmu, ta fara da yankin Gaya. A watan Agusta takan wuce Agadas. Daga Satumba kuma sai ta juya, ta koma kudu.

ME KE JAWO ISKAR DAMANA?

Ku dubi murhu. Idan wuta ta kama, iska mai zafi tana tashi sama tare da hayaƙi. Sai wata iska ta shigo daga gefe ta cike gurbinta. Haka abin yake a hamada. Rana tana gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi zafi, ta yi sakayau, ta tashi sama. Sai wurin ya zama kamar babban murhu mai zuƙo iska daga kowane gefe. Daga arewa ya zuƙo busasshiya, daga teku ya zuƙo mai laima.

Da bazara wannan murhu yana kusa da mu ƙwarai. Sai wajen ƙarshen watan Yuni yake matsawa can arewa, wajen kudancin Aljeriya da arewacin Mali. A lokacin ne iskar damana ke samun hanya ta shigo da ƙarfinta, ruwa ya zauna. Ke nan zafin hamada da muke kuka da shi yana cikin abin da ke jawo mana damana.

YADDA BUSASSHEN ZAFI KE SAMUWA

Abu huɗu ne ke haɗuwa.

Na ɗaya, rana tana bisa kai. A ƙasar Maraɗi da Damagaram, wajen ƙarshen watan Afrilu, rana tana tsayawa daidai tsakar ka da azahar ta farko, har inuwar mutum ta taru a ƙarƙashin ƙafarsa.

Na biyu, ƙasa ta bushe. Idan ƙasa tana da danshi, ƙarfin rana yana ƙarewa wajen busar da ita. Idan babu danshi, babu ciyawa, duk ƙarfin sai ya koma ga gasa ƙasa da iska. Ga hujja: a tsakiyar watan Agusta ma rana tana tsayawa bisa kai kamar ta Afrilu. Amma ba a jin zafi irin na bazara, domin akwai girgije, ƙasa a jiƙe take, gonaki kuma sun yi kore.

Na uku, wani lokaci iskar da ke can sama takan sauko, ta danne ta ƙasa. Iskar da aka matsa zafi take yi. Mai keke ya san haka: idan ya daɗe yana ba taya iska, sai ya ji famfon ya yi zafi a hannunsa. Busasshiyar iska idan ta sauko tsawon kilomita ɗaya, zafinta yana ƙaruwa da wajen digiri 10. Kuma tana hana girgije haɗuwa. Sai ta zama kamar murfi bisa tukunya.

Na huɗu, iskar arewa takan yi rauni. Idan ta buso da ƙarfi daga wajen Libiya, takan kawo ƙura da ɗan sauƙin zafi na kwana biyu ko uku. Idan ta kwanta, babu abin da ke share zafin. Na jiya yana nan, na yau ya hau kansa.

A Yamai, zafin rana na yau da kullum a watan Afrilu yakan kai wajen digiri 41 cikin inuwa. Idan abubuwan nan huɗu suka haɗu, sai ya kai 44 ko 45, ya yi kwanaki a haka. Sai dai busasshen zafi yana da sassauci ɗaya. Idan sama ta yi garau, zafin ƙasa yana tserewa da dare, a samu ɗan sanyin asuba.

YADDA ZAFI MAI GUMI KE SAMUWA

Idan iyakar iskokin nan ta wuce garinku ta yi arewa, kun shiga cikin iskar damana. Amma ba nan take ruwa ke sauka ba. A bakin iyakar, iskar damana ba ta da kauri. Shimfiɗe take a ƙasa kamar tabarma, busasshiyar iskar hamada kuma tana bisanta. Girgije ya taso, busasshiyar iska ta shanye shi. Ruwan kirki yana can baya, kilomita ɗaruruwa a kudu, inda iskar ta yi kauri.

To, a nan wahalar take. Laima ta zo, ruwa bai zo ba. Rana tana nan da ƙarfinta, ƙasa tana nan a bushe. Laimar nan kuwa kamar bargo take. Da rana tana barin hasken rana ya shigo. Da dare tana tare zafin da ƙasa ke fitarwa, ta maido shi. Shi ya sa a ƙarshen Afrilu da cikin Mayu akan kwana zafi bai sauka ƙasa da digiri 30 ba. Bango da zafi, tabarma da zafi, yara suna ta kuka.

Masana sun lura cewa a wannan lokaci iskar teku ta fi kutsowa da dare da sassafe. Da rana kuma sai busasshiyar iskar sama ta gauraye da ita. Saboda haka ana iya shan zafin iri biyu cikin kwana ɗaya: gumi da dare, ƙuna da rana.

Idan damana za ta tafi, iyakar tana sake bi ta kanmu a kan hanyarta ta komawa. Shi ne zafin da ake ji lokacin kaka, wajen watan Oktoba.

RANDA DA JIKIN MUTUM

Don me ruwan randa ke sanyi? Domin randa tana tsattsafo. Iska tana busar da tsattsafon, shi kuma yana tafiya da zafin ruwan. Mata sun san ruwan randa ya fi sanyi lokacin busasshiyar iska. Da laima ta shigo, sanyinsa sai ya ragu. Haka wanki yake: da rani ya bushe nan da nan, da damana ya wuni a igiya.

Jikin mutum randa ne. Zafinsa na lafiya digiri 37 ne. Idan ya fara wuce haka, sai fata ta fitar da zufa. Ba fitar zufar ke sanyaya jiki ba, bushewarta ce. Zufar da ta zuba ƙasa ba ta yi aikin komai ba.

Cikin busasshen zafi, zufa tana bushewa tun kafin a gan ta. Jiki yana hucewa, amma ruwansa yana ƙarewa mutum bai sani ba. Mai aikin ƙarfi cikin rana yana iya zubar da lita ɗaya ta zufa, ko fiye, cikin awa guda. Haɗarin a nan shi ne ƙarewar ruwan jiki.

Cikin zafi mai gumi, iska ta riga ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar zufa sosai. Mutum ya jiƙe sharkaf, amma jikinsa bai huce ba. Haɗarin a nan shi ne taruwar zafi a cikin jiki. Zuciya tana ta aiki dare da rana ba hutu. Shi ya sa digiri 38 mai laima yana iya fin digiri 42 busasshe wahalar da mutum.

ABIN DA YA RIGA YA FARU

A watan Afrilu na 2010 an yi matsanancin zafi a Nijar da maƙwabtanta. Masanan da suka bincika sun gano cewa laimar da ta kutso daga kudu ce ta sa dare ya ƙi yin sanyi.

A watan Fabrairu na 2024 zafi mai gumi ya addabi ƙasashen bakin teku, daga kudancin Najeriya har Kodibuwa. A gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka yi a Kodibuwa a farkon wannan shekara, sai da aka riƙa tsayar da wasa don ƴan wasa su sha ruwa su huce.

A ranar 3 ga Afrilu 2024, ma'aunin zafi ya nuna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali. Abin ya zo cikin watan azumi. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu na farkon watan. A shekarar da ta gabata, mutum 130 ne suka rasu a can cikin watan Afrilu gaba ɗaya. Da yawa daga mamatan tsofaffi ne. Masana sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa wannan zafi wajen digiri ɗaya da rabi da rana, digiri biyu da dare. Hayaƙin man fetur da gawayin ƙasa da gas da duniya ke ƙonawa shi ke ɗumama ta. Shekarar 2024 kuwa ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara awo.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

WAƊANDA ZAFI YA FI KAMAWA

Su ne tsofaffi, jarirai da ƙananan yara, mata masu ciki, masu hawan jini, masu ciwon sukari, masu ciwon zuciya ko ƙoda. Sai masu aiki cikin rana: manoma, masu garka, magina, ƴan ga-ruwa, masu tura amalanke, da mata masu daka da girki da neman icce.

MATAKAN TSARE LAFIYA

1. A sha ruwa mai tsabta a kai a kai, kada a jira ƙishirwa. A duba fitsari. Idan ya yi kaɗan, ya yi ja, jiki yana neman ruwa.

2. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. A ajiye masa ruwa kusa, a riƙa tuna masa. Farau-farau da kunu da fura mai ruwa-ruwa suna taimako.

3. Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kaɗai za a ba shi, amma a ƙara yawan shayarwa. Uwa ce za ta ƙara shan ruwa.

4. Da sanyin safiya ake kama fara. A yi aikin ƙarfi da asuba zuwa hantsi, a koma bayan la'asar. Tsakar rana ta inuwa ce.

5. Lokacin busasshen zafi, ruwa shi ne magani. A jiƙa zane a yafa, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, a yayyafa ruwa a tsakar gida. Idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka kaɗai iska mai zafi take hurawa. A fara jiƙa jiki tukuna.

6. Lokacin zafi mai gumi, jiƙaƙƙen buhu ba ya aiki sosai. Abin da ake so shi ne iska mai motsi. A buɗe ƙofa da taga, a yi fifita, a yawaita wanka, a sa tufafi sakakku marasa nauyi, a rage aiki.

7. Ɗakin kwano tanda ne. Kada a bar tsoho ko jariri ko majinyaci a ciki da rana. Rumfar zana da inuwar icce sun fi. Mai kwana waje ya ɗaura gidan sauro.

8. Kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko na ɗan lokaci.

9. Mai ciwo da ke son yin azumi cikin irin wannan zafi ya fara neman shawarar ma'aikacin lafiya.

ALAMUN HAƊARI

Idan mutum ya ji jiri, ciwon kai, kasala, tashin zuciya ko ɗaurewar jijiyoyi, zafi ya fara cin ƙarfinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi, a sassauta tufafinsa. A ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Idan babu ƙunshin da ake samu a likita, ga yadda ake haɗa shi: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Idan kuwa jikinsa ya yi zafi jau, ya ruɗe, yana sambatu, ko ya yi jijjiga, ko ya suma, to rai ne a hannu. Kada a tsaya cewa iskoki ne. A kwarara masa ruwa a duk jiki, a yi ta fifita, a garzaya da shi likita ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Ƙwayar zazzaɓi ba ta sauke irin wannan zafi.

A tuna kuma, lokacin busasshiyar iska da ƙura shi ne lokacin sanƙarau. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, sai likita nan take.

GONA DA GARKA

Shigowar laima ba faɗuwar damana ba ce. Mun ga cewa a bakin iyaka iskar damana ba ta da kauri, kuma tana iya ja da baya. Ruwan farko yakan sauka, a yi shuka, sai busasshiyar iska ta dawo ta yi sati biyu ko uku. A irin wannan rana fuskar rairayi tana wuce digiri 50. Tsiron hatsi sai ya ƙone, iri ya tafi a banza.

Masana aikin gona suna ƙidaya damana ta fara idan an samu ruwa milimita 20 ko fiye cikin kwana uku, kuma ba a yi fari mai wuce sati ɗaya ba cikin watan da ya biyo. Saboda haka a tambayi mai kula da ma'aunin ruwa na gari, a tona ƙasa a ga zurfin danshi. Kada a zuba iri duka a shukar farko. A rage na sake shuka.

Kara da ganyen da aka bari a gona suna rufe ƙasa, su rage mata zafi, su tsare tsiro daga rairayin da iska ke kwasowa. Ramukan tassa da rabin-wata da manoman Tawa suka ƙware a kai suna riƙe ruwan farko. Sassaben zamani kuma, wanda ya bunƙasa a Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980, ya maido itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Gawo da kalgo da sabara suna karya ƙarfin iska, suna ba da inuwa ga shuka da mutum da dabba.

Masu garka su yi ban ruwa da sassafe ko da marece. Masu ajiyar albasa su lura: zafi da laima idan suka haɗu, ruɓa suke kawowa. A gyara rudu tun kafin iska ta juya, a tabbata iska tana ratsa shi, a riƙa tsince ruɓaɓɓu. Gujiya da wake da hatsi su bushe sarai kafin a ajiye, a ɗaga buhuna daga ƙasa.

BISASHE DA KAJI

Bazara tana samun bisashe a rame, ga ƙarancin ciyawa. A shayar da su safe da marece, a yi musu rumfa. Kada a ɗaure dabba cikin rana. Shanun noma da jakan amalanke su huta da tsakar rana. Dabbar da ke haki, tana dalala, ta ƙi cin abinci, zafi ya kama ta. A kai ta inuwa, a zuba mata ruwa a jiki.

Kaza ba ta zufa. Buɗe baki take yi tana haki, ta saki fukafukai. Cikin zafi mai gumi hakin ba ya isarta, shi ya sa kaji ke mutuwa da yawa. A buɗe akurki iska ta shiga, a ajiye musu ruwa a inuwa, a rage cunkoso.

A SAURARI LABARIN YANAYI

Ma'aikatar kula da yanayi ta ƙasa tana bin tafiyar iyakar iskokin nan, tana ba da labari ta rediyo da talabijin. A Yamai kuma akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, da cibiyar ACMAD mai yi wa Afirka aikin hasashen yanayi. Ana iya hango zafi mai tsanani kwanaki kafin ya zo. Wanda ya ji sanarwa ya gaya wa maƙwabcinsa.

Mu ma muna da alamunmu. Iska ta juya tana fitowa daga kudu maso yamma. Gishiri ya fara danshi. Ruwan randa ya rage sanyi. Shamuwa ta iso. Duk suna cewa laima ta shigo: damana tana tafe, amma kwanaki mafi wuya ga tsofaffi da jarirai sun fara. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON AJI

1. Daga ina iskar hunturu ke fitowa? Daga ina iskar damana ke fitowa?
2. Don me watan Agusta bai kai watan Afrilu zafi ba?
3. Don me dare ke ƙin yin sanyi idan laima ta shigo?
4. Rubuta yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.
5. Me za ka yi wa mutumin da zafi ya sumar?
6. Su wane ne tsofaffi da majinyatan unguwarku da ke kwana ɗakin kwano? Ku shawarta cikin aji, ku raba wa juna aikin leƙa su kowace rana har damana ta zauna.